Tarwaɗar Rijiyar Baba Gado

Shekara tara na yi a Karimama ina koya wa manoma tazarar shuka da yadda ake zuba taki, kuma a duk shekarun nan hankalina yana Zongon Kwatano. Tafiyar yini guda ce cur a mota, shi ma in hanya ta yi kyau. Mahaifina, Baba Gado, tsohon mahauci ne, shi kaɗai ya rage a gidanmu tun da Inna ta rasu. Idonsa na dama ya riga ya tafi, na hagu kuma yana bin sa a hankali. Ƙanena Muktar direban tirela ne, in ka gan shi a gida sau biyu cikin wata guda to motar ce ta lalace. Matar wani ɗan haya ce take miƙa wa Baba abinci, ranar da ta tuna.

Sau huɗu ina rubuta wa biro, wato ofishinmu, takardar neman a dawo da ni gida. Ko amsar "mun gani" ban taɓa samu ba. Har na fara tunanin ajiye aikin, sai ga sanarwa ta fito cewa za a yi horon kiwon kifi na sati shida a wata cibiya da ke hanyar Kalabi, na malaman gona da ɗaliban jami'a. A ƙasan takardar aka rubuta abin da ya hana ni zama: duk malamin gonar da ya ci jarrabawar ƙarshe za a ajiye shi a Kwatano ya riƙa kula da masu kiwon kifi na cikin gari, wanda ya faɗi kuwa ya koma inda ya fito. Ni da kifi ba mu taɓa haɗuwa ba sai a cikin miya, amma ni ce ta farko da ta sa suna.

Mu ashirin da huɗu ne a ajin. Rabi irina, masu kaushin ƙafa da baƙin rana, rabi yaran jami'a masu ɗaukar hoton komai da waya, har da abincin kifi. Aka haɗa mu biyu-biyu, babba da ƙarami. Ni aka ba ni Raïssa, wata 'yar garin Jugu mai farce dogaye, wadda ranar farko da tarwaɗa ta taɓa mata hannu ta yi ihun da ya sa mai gadi ya rugo. Na yi mata kallon banza a ranar, na ce a raina an haɗa ni da wahala. Daga baya na gane yarinyar tana da kai, ga ta ba ta da ƙyashi. Tanti take kira na, wato gwaggo, duk abin da ya shige mini duhu a lissafi kuma ita take warware mini.

Malaminmu, Malam Sidi, mutum ne gajere mai son magana, wanda in ka tambaye shi ƙarfe nawa sai ya fara daga yadda aka ƙera agogo. Amma ya san kifi. Shi ya koya mana cewa tarwaɗa ba ta yin ƙwai a cikin roba da kanta, sai an taimaka mata. Ana yi wa macen allura, a jira kamar awa takwas, sannan a matse mata ciki ƙwan ya zubo a busasshen kwano. Namijin kuwa ba ya matsuwa. Dole a kashe shi, a buɗe ciki, a ciro wasu fararen jakunkuna guda biyu da ke kusa da ƙashin baya, a goge jininsu da busasshen ƙyalle, a tsaga su a kan ƙwan, a gauraya da gashin kaza. Sai bayan nan ake zuba ruwa. Malam Sidi ya maimaita mana wannan har muka gaji. Abin da ke cikin jakunkunan nan, da zarar ruwa ya taɓa shi sai ya farka, kuma ransa bai fi minti guda ba. In ya farka babu ƙwai a kusa, ya mutu a banza.

Da Faransanci ake karatun, kuma da Faransanci sunan abin nan ba shi da nauyi ko kaɗan. Na faɗe shi ya fi sau ɗari a gaban maza, ko gezau. Da Hausa kuwa kalma ce da ban taɓa ji ba sai a islamiyya, a babin wanka, inda malama take sauke murya mu kuma mu sunkuyar da kai.

Jarrabawar ƙarshe ba a cibiya ake yin ta ba. Malam Sidi ya ce malamin gona ba a ɗakin gwaji zai yi aiki ba, a tsakar gidan mutane zai yi, don haka kowane biyu su ɗauki mace ɗaya da namiji ɗaya su tafi gida, su ƙyanƙyashe da kayan da talaka zai iya samu. Rana ta uku zai zagayo ya gani da idonsa. Raïssa a ɗakin kwanan ɗalibai take, saboda haka gidanmu muka kawo namu. Muka jera robobi a inuwar rumfa, muka yanka tsohon gidan sauro don shimfiɗa ƙwai, muka ja ruwan rijiya muka cika, tunda na famfo yana da maganin da ke kashe 'ya'yan kifi.

Rijiyar nan ta girme ni. A da, kowane tsohon gida a Zongo yana da tarwaɗa guda a cikin rijiyarsa. Tana cinye tsutsa da ƙwari, kuma ranar da aka ga ta taso ta juya ciki sama an san ruwan ya ɓaci, ba mai sha. Famfo ya zo, mutane suka rufe rijiyoyinsu ko suka mai da su juji. A layinmu kaf ta Baba ce kaɗai ta rage da kifi a ciki. Shekararsa goma sha ɗaya a nan, ya yi tsawon hannun mutum, baƙi wuluk, Baba yana kiransa Dattijo. Kullum bayan asuba sai ya laluba zuwa bakin rijiya, ya ƙwanƙwasa sumintin sau uku da zobensa, ya jefa guntun burodi, ya tsaya yana sauraren facal ɗin ruwa. Tun da ido ya hana shi zuwa kasuwa, hirarsa ta fi yawa da kifin nan. Ni kam haushi abin yake ba ni, wai ubana, wanda a da in ya ɗaga murya a mahauta kowa ke nutsuwa, shi ne yau yake ba kifi labarin ciwon gwiwarsa.

Ranar Talata bayan asuba na yi wa macen allura, na rufe robobin da katako na ɗora dutse, muka tafi cibiya don darasin safe. Da azahar muka dawo. Tun daga zaure na hango katakon robar namijin a ƙasa. Kifin yana can gindin katanga a cikin rairayi, rana ta gasa shi, fatarsa ta bushe, cinnaku sun baibaye masa baki. Ya fi awa huɗu da mutuwa. Na buɗe shi duk da haka, don mutum ba ya yarda da abin da idonsa ya gani, amma babu abin da ya rage mai amfani a ciki.

Na kira Malam Sidi. Ya ce shi ba shi da sauran namiji ko ɗaya, an raba su kaf, amma akwai wani mai kiwo a can ƙarshen unguwar Akpakpa, ƙetaren gada, a gwada shi. Raïssa ta ja jakarta ta ce, "Tanti, kar ki damu, yanzu zan hau zem in je in dawo." Ta fita da gudu neman babur ɗin hayar. Na duba agogo. Saura awa ɗaya da rabi ƙwan ya nuna, in kuma ya nuna ba ya jiran kowa, sai ya lalace a cikin uwar.

Ƙarfe uku ta kira ta ce gada ta cushe, wata tirela ta faɗi, ko babur ba ya motsi. Uku da rabi ta sake kira tana haki, ta ce ta isa da ƙafa, amma mutumin ya kwashe manyan kifinsa tun Asabar, sai ƙanana da ba su isa ba. Na ajiye wayar a kan turmi, na zauna a ƙasa da kayan aiki a jikina, na fashe da kuka irin wanda ban yi ba tun rasuwar Inna. Kukan takaici ne, don na ga Karimama tsaye a gabana.

Baba yana kan kujerarsa a ƙofar ɗaki, duk yana jin mu. Ya ce, "Husaina, ɗazu na ji facal-facal na ɗauka kyanwa ce. Kifin naki ne?"

Na ce, "Shi ne, Baba. Namijin."

"Ba a samun wani?"

"Ba a samu ba."

Ya murza zoben hannunsa. Can ya ce, "Wannan horon naku, formasiyo ɗin, in kika ci, nan za su bar ki? Ba maganar biro ba ce kawai?"

"Nan za su bar ni. A rubuce yake."

"To ai Dattijo namiji ne."

Na ce masa a'a. Wallahi na ce, har sau biyu. Amma a'ar da na yi ba ta da ƙashi, shi ma ya ji hakan, domin tun kafin ya rufe baki zuciyata ta riga ta leƙa rijiyar. Ya miƙe ya ce in ɗauko babban kwandon Inna da igiya. Ya laluba zuwa bakin rijiya, muka zura kwandon ya nutse, ya ƙwanƙwasa sumintin sau uku. Kifin ya taso a natse, bai san la'asar ba ce ba asuba ba, ya shigo tsakiyar kwando yana jiran burodi. Muka ja tare. Nauyinsa ya ba ni mamaki, kuma ko da muka sauke shi a kan tire bai yi haukan da 'yan'uwansa suke yi ba, gashin bakinsa kawai ke motsi.

Na juya shi na duba, namiji ne kuwa, lafiyayye. Na miƙa hannu zan ɗauki reza, Baba ya riƙe mini wuyan hannu.

"Ni zan yi," in ji shi. "Na san kifi ba ya buƙatar yanka. Amma wannan ba za a kashe shi da rezar aski ba. Ɗauko mini wuƙata."

Wuƙar tana naɗe a tsumma a ƙarƙashin katifarsa, shekara shida bai taɓa ta ba, amma kaifinta yana nan. Na kama yatsansa na bi da shi kan cikin kifin, na nuna masa inda zai fara da inda zai tsaya. Na ce, "Akwai wasu farare guda biyu can kusa da ƙashin baya. Su nake so. Ka sa mini su a wannan kwanon."

Ya ce, "Na san su. Shekara hamsin ina fiɗa, sai yau za a nuna mini cikin dabba?"

A nan ne ya kamata in ce, Baba, kada ruwa ya taɓa su. Maganar ta zo har bakina. Amma na san ubana. Ba a taɓa ce masa kada ya yi abu bai ce "don me" ba, balle a hana mahauci wanke jini. In ya ce don me, sai na gaya masa mene ne a cikin jakunkunan, da yadda yake farkawa, da inda yake shiga. Ni, 'yarsa mace, wadda ko sunan mijin da na taɓa aure ban taɓa ambata a gabansa ba. Sai na ce wa kaina ai minti biyu ne, kafin ya gama buɗe cikin na dawo na karɓa da hannuna. Na haɗiye maganar na wuce rumfa wurin macen.

Ba minti biyu ba ne. Aikin mutum biyu ne, ɗaya ya riƙe ɗaya ya matsa, ga ni ni kaɗai. Na naɗe ta da tawul ta suɓuce, na kamo ta ta sake suɓucewa ta kusa faɗawa rairayi. Daga ƙarshe na danne kanta a hammata na matsa, ƙwan ya zubo kore-kore, mai kyau, irin wanda Malam Sidi yake ɗagawa sama ya nuna wa aji. Daga bayana na ji Baba ya yi bisimilla. Na ji motsin wuƙa. Ina cikin matsa ta ƙarshe na ji ƙarar ruwan buta yana zuba a kwano.

Na fito da kwanon ƙwai a hannu. Baba yana tsugune, ya miƙo mini nasa kwanon da hannu biyu. Jakunkunan suna ciki, ya tsattsaga su yadda yake yi wa ƙoda don jini ya fita, suna yawo a cikin ruwan da ya yi fari kamar na wankin shinkafa. A gefensa rairayi ya jiƙe inda ya zubar da ruwan farko da na biyu.

"Ga su," in ji shi. "Na wanke miki su fes. Ko ɗigon jini babu."

Fuskarsa tana haske. Rabon da in ga wannan fuskar tun ina yarinya, lokacin da yake dawowa daga mahauta da ƙunshin hanta a hannu. Ya yi wa 'yarsa aiki, da hannunsa, da wuƙarsa, kuma ya yi shi tsaf. Na karɓi kwanon na ce, "Sannu, Baba. Allah ya saka da alheri." Na juye ruwan a kan ƙwan, na gauraya da gashin kaza, na shimfiɗa a kan gidan sauro, duk yadda aka koya mana, alhali na san gawa nake juyawa.

Raïssa ta dawo gab da magariba, ƙafarta duk ƙura, takalmi ɗaya ya tsinke. Ta ga ƙwai a shimfiɗe ta yi tsalle, ta ce a ina na samu namiji. Na nuna mata rijiya. Sai idonta ya kai kan kwanon da butar da ke gefensa, ta ɗaga kai ta dube ni. Na girgiza mata kai, na nuna Baba da haɓa. Yarinyar ta rufe bakinta da tafin hannu.

Naman Dattijo Baba ya ce a raba wa maƙwabta. Shi bai ci ba, ni ma ban ci ba.

Washegari tun da sassafe ya sa na kai masa kujerarsa rumfa, kusa da robar. Ya tambaye ni yaushe za su fito, na ce a ƙa'ida kwana guda. Ya ce nawa za su kai. Na ce dubbai. Ya yi dariya ya ce, "Dattijo da ya zauna shi kaɗai shekara goma sha ɗaya, ashe gari guda yake ɗauke da shi." Ya ce in sun yi wayo in ware masa guda biyu na rijiya, kada a sake barin ɗaya cikin kaɗaici.

Ƙwan da ya ɗauka yana nan kore, ana ganin ɗan ɗigo a ciki. Wanda bai ɗauka ba fari yake komawa. Kafin azahar gidan sauron nan ya yi fari fat daga wannan gefe zuwa wancan. Na ɗauko gilashin ƙara girma na bi su layi-layi, ko Allah zai sa ashirin ko goma sun tsira. Babu ko ɗaya. Baba yana ta tambaya, "Sun fara motsi?" ni kuma ina cewa da saura. Da la'asar wari ya fara tashi. Ya shaƙa, ya juyo da fuska wajena, mutumin da ya san warin ruɓa tun kafin a haife ni. Na ce haka suke yi. Ƙarya ta uku ke nan da na yi masa a yini guda, kuma kowace ta fi ta baya sauƙin fita.

Ranar Alhamis da hantsi Malam Sidi ya iso da jakarsa da takardunsa. Ya durƙusa ya gaida Baba da Hausa, suka yi gaisuwa mai tsawo, har suka gano cewa kakan Malam Sidi ya taɓa sayar wa Baba shanu. Sannan ya leƙa robar. Bai daɗe yana kallo ba. Ya zaro biro ya fara tambayata da Faransanci: nauyin macen, ƙarfe nawa na yi allura, ƙarfe nawa na matsa, wane ruwa. Duk na amsa daidai. Ya ce to namijin fa, na Akpakpa ne?

Baba yana jin Faransancin kasuwa. Kafin in buɗe baki ya karɓe zancen.

"Nawa ne, Malam. Na rijiyata. Ni na buɗe shi da hannuna." Ya gyara zama. "Idona ya tafi amma hannu yana nan. Na ciro su ban fasa matsarmama ba, na tsaga su, na wanke su sau uku har sai da ruwan ya daina ja."

Biron Malam Sidi ya tsaya. Ya dube ni. Raïssa ta sunkuyar da kai. Tsakar gidan ta yi tsit, sai kukan babura daga titi.

Baba ya ce, "Mene ne? Na ji kun yi shiru."

Na roƙi Malam Sidi da ido. Amma shi malami ne, an yi masa tambaya, kuma a ganinsa ba a ɓoye wa dattijo gaskiya a gidansa. Ya jawo turmi ya zauna a gaban Baba, ya yi masa bayani a hankali, namiji da namiji, da kalmar nan da na kasa faɗa. Ko minti biyu bayanin bai ɗauka ba. Baba bai tambayi komai ba, don babu abin da bai gane ba.

Ya juyo da fuska wajena. Ya kira ni.

"Husaina."

"Na'am, Baba."

"Kin san haka?"

"Na sani."

"Tun kafin in ɗauki wuƙa?"

"Tun kafin."

Ya gyaɗa kai. Bai tambaye ni dalili ba, ya san dalilin, shi ya dasa shi. Ya juya wajen Malam Sidi ya ce, "Malam, ka rubuta a takardarka cewa ni ne. Tsoho ne makaho ya ɓata mata. Ita ta iya aikinta."

Malam Sidi ya ce, "Baba, na san ta iya. A ajin nan babu wanda ya fi ta hannu. Amma aikin da za a ba ta ba ƙyanƙyasa ba ne, gaya wa mai riƙe da wuƙa ne abin da bai sani ba. In na rubuta yadda ka ce, na ƙara kayar da ita ne." Ya rubuta abin da zai rubuta, ya ce mini wataƙila a sake wani horon nan da shekara biyu in an samu masu ɗaukar nauyi. Ya yi sallama ya tafi gida na gaba. Na ji haushinsa kamar in jefe shi da robar, kuma abin da ya fi ƙona mini rai shi ne bai faɗi ƙarya ba.

Ni da Raïssa muka kwashe ruɓaɓɓen ƙwan muka binne a gindin katanga. Ita maki kawai ta rasa, za ta cike a wani darasin, amma ta yi ta kuka har sai da na koma ina rarrashinta.

Kwana huɗu aka ba mu mu koma bakin aiki. A kwanakin nan Baba bai ɗaga mini murya ba, bai kuma sake ta da maganar ba. Da ya yi faɗa da na ji sauƙi. Sau ɗaya kawai, muna zaune ina yanke masa farce, ya ce, "Da na san kunyar da na koya miki ita za ta raba mu, da na bar ki kin tashi marar kunya." Na ce ba laifinsa ba ne. Ya ce, "To na wa?" Na ci gaba da yankan farcen.

Ranar Lahadi na sayo igiyar nailan a kasuwar Tokpa. Na kafa ƙusoshi, na ɗaura ta daga ƙofar ɗakinsa zuwa banɗaki, daga nan zuwa famfo, daga famfo zuwa zaure, daidai tsayin ƙugunsa. Na kama hannunsa muka bi ta sau uku yana ƙirga taku. Bakin rijiyar kuwa na rufe shi da katako na buga ƙusa, don tsoron kada ya laluba can ya zame. Yana zaune yana jin bugun gudumar. Na je wurin matar ɗan hayan na roƙe ta, har da durƙusawa, ta riƙa leƙa shi safe da yamma. Ta ce in sha Allahu, tana kallon tukunyarta.

Litinin da safe na kira zem zai kai ni tasha. Baba ya bi igiyarsa har zaure, ya tsaya a bakin ƙofa. Na durƙusa, ya dafa kaina ya yi mini addu'a, ya ce in riƙa cin abinci, in kuma daina rubuta wa mutanen biro takarda tunda ba sa karantawa. Na hau babur, jakata a kan cinya.

Mun kusa kwana na waiwaya. Yana nan tsaye, hannu ɗaya a kan igiya, ɗayan a sama yana ɗaga mini. Amma ba ni yake fuskanta ba. Wani babur ne ya wuce ta ɗaya ɓangaren, shi ya bi da fuskarsa, yana ta ɗaga wa bayan wani mutum hannu. Na buɗe murya iya ƙarfina na ce, "Baba! Ga ni nan!" Mai zem ɗin ya riga ya karya kwana ya shiga babban titi.